Baƙo a Bauchi: ina ake cin abinci, kuma ta ina ake shiga jama'a?

"Assalamu alaikum Baba. Ni mutumin Funtuwa ne, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Bauchi, yanzu ina cikin wata na uku. Na kama haya a Fadaman Mada, iyalina ba su taso ba tukuna. Kullum daga ofis sai wani gidan abinci a bakin titi, yau shinkafa da miya, gobe shinkafa da miya, albashi yana ta zurarewa, ga kaɗaici ya ishe ni. Kowa cewa yake Bauchi garin masa ne da nama, ni dai ban gani ba. An ce ka daɗe kana aikin duba-gari a garin nan. Ina ake samun abinci mai daɗi wanda ba zai ɓata wa mutum ciki ba, kuma yaya baƙo yake sabawa da mutanen gari?"

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa garin Yakubu. Ka kawo tambaya biyu, ta ciki da ta zama da mutane, amma a Bauchi hanyarsu ɗaya ce. Dalilin da ya sa ba ka ga masa da naman da ake ba ka labari ba shi ne dalilin da ya sa har yanzu ba ka yi abokin hira ba: kana neman abinci a inda aka kafa allon suna, alhali abincin garin nan lokaci yake bi da unguwa. Wanda ya san ƙarfe nawa ake sauke me, kuma a wane lungu, shi ne mai cin daɗi, kuma a nan zai tarar da 'yan gari zaune.

Yadda garin ya kasu

Sai ka fahimci shimfiɗar garin kafin ka fahimci tukunyarsa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Bauchi a farkon ƙarni na 19, ya kewaye ta da ganuwa. Ganuwar ta zube a wurare da yawa, amma sunayen ƙofofin suna nan a bakin kowane ɗan acaba da mai Keke Napep: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Dumi, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wase, Ƙofar Idi. Abin da ke cikin waɗannan ƙofofi shi muke kira cikin gari. Can mutane a gida suke ci. Abincin sayarwa ma a cikin gidaje ake dafa shi, matan aure ne ke yi, yara su fito da shi talla ko kuma a aiko da kwano a saya. Saboda haka za ka iya ratsa Jahun ko Nasarawa ko Unguwar Jaki tun daga farko har ƙarshe ba ka ga allo ko ɗaya mai cewa ana sayar da abinci ba, alhali a layi ɗaya akwai gidan masa, gidan ɗan wake, gidan alala da gidan fura.

Daga baya garin ya fita ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 ya kawo baƙi, sai aka ƙirƙiro jiha a 1976 Bauchi ta zama hedikwata, ma'aikata suka cika gari, aka yi unguwannin Low Cost da irin su Fadaman Mada inda kake. Gidajen abinci masu kujera da fanka da ke kan manyan tituna don waɗannan ma'aikata da matafiya aka buɗe su. Ba na kushe su, wasunsu sun fi ko'ina tsafta, kuma idan baƙo ya zo maka daga nesa nan za ka kai shi. Amma kuɗin haya da na janareta da albashin yaran shago duk a cikin farantinka suke, kuma wanda ke teburin kusa da kai shi ma baƙo ne mai sauri irinka. Ka shekara kana zuwa, iyakarku sannu.

Kashi na uku shi ne ɓangaren Yelwa da Gwallameji, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka tara ɗalibai da ƙabilu iri-iri. Zan dawo kansa.

Masa

Abin da ku a Funtuwa kuke ce wa waina, nan masa ce, kuma ba abin marmari ba ce ta ranar suna ko Sallah. Abincin kullum ce, da ita ake karyawa, da ita wasu ke kwana. Tana da lokaci biyu. Na farko daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, na biyu daga bayan la'asar har bayan isha'i. Kai kuwa da tsakar rana kake fitowa neman abinci, lokacin da tanda ta huce, masu suya sun shiga gida suna haɗa ƙullin yamma. To ina za ka gan ta?

Kewayen Wunti ne ya fi suna, kuma baƙo daga nan ya kamata ya fara, domin akwai masu yi da yawa, kana iya gwada hannu daban-daban. Amma kowace unguwa tana da tata gwanar. Ka tambayi mai shagon da ke kusa da gidanka, ko ladanin masallacinku, ka ce masar wa ake ci a nan. Ba za su yi maka dogon tunani ba.

Aikin masa tun jiya yake farawa. Shinkafar tuwo ake jiƙawa ta sha ruwa, a dafa wani kaso kaɗan a haɗa da ɗanyar, a kai inji a niƙa, a sa yis a rufe ƙullin ya tashi. Idan ya tashi sai a ɗanɗana tsaminsa, a kashe shi da ruwan kanwa daidai gwargwado, a sa ɗan sukari da gishiri, wasu su yanka albasa a ciki. A wannan kashe tsami gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo. Kanwa ta yi yawa, masa ta yi ja ta riƙa ɗaci a maƙogwaro. Ta yi kaɗan, tsami ya hana ka cin ta uku. Idan ka je kada ka karɓa ka wuce, ka ɗan tsaya ka kalli mai suyar. Za ka ga ta ɗiga mai a kowane gurbin tanda, ta bi da ludayin ƙulli, kafin ta kai gurbi na ƙarshe na farko ya fara huhhujewa a sama, gefensa ya yi ja. Sai ta sa bakin cokali ta juya shi da ɗan karkaɗa hannu, ba ta ko duba ba, tana amsa gaisuwa tana ba yaro canji. Masar kirki idan ka tsaga ta, bayanta yana da ɗan ƙarfi, cikinta fari tas mai ƙofofi, tururi na fita, kuma ba ta barin mai yana tsiyaya a yatsa. Wadda ta yi nauyi ta cushe a ciki, ƙullinta bai tashi ba ne.

Ana cin ta da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa da alayyahu, a jefa ƙashi ko tantaƙwashi. Wasu da garin ƙuli da yaji da ɗan man gyaɗa suke so, yara kuma da sukari ko zuma. Ni dai a ganina wanda bai ci da miya ba bai ci masar Bauchi ba, amma wannan son raina ne.

Yanzu bari duba-gari ya yi magana. Masar da aka kwashe daga tanda a gabanka ba ta da abin tsoro, wuta ta gama da komai. Inda matsala take shi ne miya da ruwan wanke kwano. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ba shi da zafi sosai kuma ba shi da sanyi sosai, tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Miyar gyaɗa kuwa ba ta da haƙuri, balle a watannin Maris da Afrilu da zafin Bauchi ke kan ganiyarsa. Don haka ka duba ko tukunyar miyar tana kan garwashi tana ɗan tafasa, ko an sauke ta tun safe tana gefe. Sai ka saci kallon robar wanke-wanke. Idan roba ɗaya ce, ruwanta ya yi kauri ya koma kalar miya, ka ce a zuba maka a naka kwanon ka tafi da shi. Mai roba biyu, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya, wannan ta san abin da take yi. A aikinmu kafin in nemi wata takarda waɗannan biyun nake fara dubawa, kuma da wuya su yaudare ni. Masar da aka ɗaura a leda aka jibga a kula tun safe ba lalle ta cutar da kai ba, sai dai ta yi gumi ta saki, daɗin ya tafi.

Nama, fura da sauransu

Nama ma agogo yake bi. Da sassafe ake yanka a mayankar Inkil da ke hanyar Gombe, inda ma'aikatan lafiyar dabbobi ke duba abin da aka yanka, daga nan mahauta su rarraba shi kasuwanni. Balangu yakan fara nuna wajen azahar zuwa la'asar, tsire kuwa sai rana ta yi sanyi ake jera shi a tukuba, ya kai har dare. Wanda ya sayi tsire da ƙarfe goma na safe, mafi yawa kwantan jiya ya saya, an sake barbaɗa masa ƙuli an shafa mai ya yi ƙyalli. Kwantai yana da alama: naman ya bushe ya yi tauri a gefe, ƙulin da ke kansa kala biyu ne, kuma mai shi yakan cika yaji don ya rufe. Ko sabo ne, ka ce a mayar maka da shi wuta ya yi zafi kafin a yanka. Mahaucin kirki ba ya jin haushin wannan. Albasa da tumatir da kabejin da ake yankawa a kai su ne ba su ga wuta ba, su za ka yi wa kallon tsanaki, musamman da damina. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta taɓa Bauchi ƙwarai, kuma irin wannan cuta ta ruwa da ɗanyen abu take bi, ba ta naman da ya fito daga wuta ba.

Kilishi tsarabar gari ne, idan za ka je Funtuwa kada ka tafi hannu rabbana. Ka sayi na wurin da kake ganin ana shanya shi a kan gadon kara, ana tsoma shi a labu, ana gasawa. Ka karya ɗan gefe: mai kyau yana karyewa ba tare da ya zama gari ba, kuma ba ya warin tsohon mai.

Fura da nono kuwa sai hantsi ya yi, lokacin da matan Fulani ke shigowa daga rugage su zauna a bakin kasuwanni da gindin itatuwa. Da ita ma'aikata da yawa ke tsallake abincin rana, kuma ta fi shinkafar da kake saya sauƙi nesa ba kusa ba. Abin lura ɗaya ne, ruwan da ake sirkawa da ƙanƙarar da ake jefawa. Ka riƙe ruwanka na leda ka ce a dama da shi. Idan ka saba da mace ɗaya, za ta riƙa ajiye maka kindirmo mai kyau tun kafin ka iso, ranar da ba ka zo ba kuma gobe sai ta tambaye ka ko lafiya.

Da rana akwai ɗan wake, dambu, shinkafa da wake da mai da yaji, alala, duk na gidaje. Tuwo kuwa, na shinkafa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, abincin dare ne. Akwai wata hanya da gwagware da ma'aikatan da iyalinsu ke nesa suka daɗe suna bi, wato a yi yarjejeniya da wani gida a unguwa, ka biya kuɗin wata, kullum da magariba yaro ya kawo maka kwanon tuwo. Amma ba kai za ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta bakin maigidan ake bi, ko ta bakin wanda ya ba ka haya. In kana son ka riƙa ɗan dafawa da kanka, Kasuwar Muda Lawal ba ta da nisa da kai, nan ake sauke kayan gwari da doya da 'ya'yan itace, da safe sun fi araha da kyau. Duk abin da ka saya na gari ko hatsi ka zuba a mazubi mai murfi, domin Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi damu, kuma ɓera ne ke kawo shi, ya fi yawa da rani.

A ɓangaren Yelwa tukunya ta sauya. Sayawa da Jarawa da mutanen Filato sun kawo gwate da abincin acca, Ibo da Yarabawa sun kawo sakwara da teba da miyar agushi, ga masu gasa kifi da dare, ga masu soya awara da indomi saboda ɗalibai. Ka je, kada ka takura kanka a gefe ɗaya na gari. Musulmi da Kirista suna cin abinci a benci ɗaya a can kullum. Sai dai akwai wuraren da ake haɗawa da abin sha da ba za ka so zama ba, kuma idan kana shakkar nama, tambaya ba rashin kunya ba ce, masu abincin sun saba da ita.

Ba zan kama sunan shago ko na wata mai masa ba. Wanda ya yi aikin duba-gari bai kamata ya zama ɗan talla ba, sannan hannu yana sauyawa: gidan da ya yi suna bana, baɗi uwar ta tsufa ta bar wa 'ya, ko an sauya mai niƙa, sai ka ji abin ya canza. Farashi ma ba zan faɗa ba, domin kafin ka karanta ya motsa.

Shiga jama'a

Shawarata ita ce ka daina yawon gwaji da zarar ka sami inda ya yi maka. Mai shayi ɗaya, mai masa ɗaya, mahauci ɗaya. A garin nan ba a sanin mutum sai an saba ganinsa. Teburin mai shayi da safe da bayan isha'i shi ne gidan jaridar unguwa, nan za ka ji wa ya rasu, wa aka yi wa haihuwa, yaushe za a kawo wuta, me ya sa ruwan famfo na madatsar Gubi bai zo ba. Makon farko ka yi sallama ka sha ka saurara. A mako na biyu wani zai ce, Malam daga ina ne? To ƙofa ta buɗe.

Sai masallacin layinku. Idan ana ganinka a sahu asuba da magariba da isha'i, ba a jima ba liman zai san fuskarka. Ka sa wanda ya ba ka haya ya kai ka ka gaida mai unguwa, wannan ba tsohon yayi ba ne, ranar da wata matsala ta taso shi zai ce ya san ka.

Babban abin kuwa shi ne ciyayya. A unguwanni da yawa, musamman cikin gari, magidanta ba sa cin tuwon dare a ɗaki. Bayan magariba ko isha'i ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, kowa a fito masa da kwanonsa, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Mai miyar nama da mai miyar kuka zalla duk hannu ɗaya ake sawa, ba a tambayar na gidan wa ne wannan. Idan ka wuce ka yi sallama za a ce maka bismillah. Ranar farko kana iya cewa alhamdu lillahi ka wuce, ba laifi. Amma idan kullum haka kake yi, za a ɗauke ka mai girman kai, a daina tayi. Ka tsuguna ka wanke hannu ka ci loma biyu uku, ka ci gabanka, kada ka riga dattijo ɗaukar nama. Bayan kwana biyu sai ka zo da naka. Tunda ba ka da mai dafa maka, ka riƙo balangu ko kankana ko rake ko lemo, ka ajiye a tsakiya ba tare da dogon bayani ba. Kuɗi ne kawai ba a kawowa, wanda ya ciro kuɗi a wurin ciyayya ya zagi mutane. Da tsokana za a fara karɓarka, a ce Bakatsine ya ji tuwon Bauchi ya ƙi komawa gida. Ka rama da dariya. In ka ga Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna tsiya a kan tabarmar kada ka shiga rabo, wasansu ne tun kaka da kakanni.

Daga nan sauran abubuwa da kansu suke zuwa. Za a ce gobe akwai suna gidan wane bayan asuba, ka je, masa za ka ci har ka gode Allah. Ɗaurin aure ka je. Jana'iza da zaman makoki kuwa ko an gaya maka ko ba a gaya maka ba, in dai a layinku ne, ka je, domin mutanen nan suna iya manta wanda bai zo biki ba, amma ba sa manta wanda bai zo gaisuwa ba. In kana son ƙwallo, ranar da Wikki Tourists ke wasa a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ka bi 'yan unguwa. Da Sallah kuma ka sa su kai ka Ƙofar Fada kallon hawa, sun san inda ake tsayawa doki bai taka mutum ba.

Abu biyu ka kiyaye a majalisa. Siyasar Bauchi da zafi take, kuma ba ka san wa ke ɗan uwan wa ba, saboda haka ka zama mai sauraro har ka shekara. Haka maganar addini da ƙabila, garin ya ga rigingimu a baya, mutane sun san abin da suka sha kafin su zauna lafiya, ba sa son baƙo ya zo yana yanke hukunci. Na biyu bashi. Ma'aikaci baƙo ana ɗaukarsa mai kuɗi ne. Wanda ya roƙe ka tun ba ku saba ba, ka ba shi abin da za ka iya yafewa, kada ka kira shi rance.

Abin da na gaya maka duk ɓangaren maza ne, domin nan na zauna. Zumuncin mata a cikin gidaje yake, da biki da suna da adashi da Islamiyya, kuma su suka fi mu iya shi. Abin da na gani a gidana dai shi ne, ranar da iyalinka suka sauka, kafin a gama kwance kaya kwanuka za su fara shigowa daga maƙwabta, wannan tuwo, wannan masa, wannan dambu. Ka gaya wa maiɗakinka ta lura da kowane kwano da gidan da ya fito, ta tambayi yaron da ya kawo sunan uwarsa, kuma kada ta mayar da shi wayam. Ko ɗan ƙuli-ƙuli ne ko daddawar Funtuwa ta saka a ciki. Bayan kwana biyu ta nemi wata dattijuwa a layin ta zaga da ita gida-gida ta yi godiya.